Muhawara: Tunda kod ɗin Aseprite a buɗe yake, me zai hana a raba shi?

Ɗan Zazzau: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya kwana na yi a kan Aseprite, manhajar nan ta zanen piksel. Na sauko da kod ɗinta, wato rubutun umarnin da aka gina ta da shi, daga GitHub, shafin da ake ajiye kod, na haɗa shi da kaina ya zama manhaja mai aiki, sau biyu ana ɗauke wuta, sai gab da asuba ta tashi. Zan zuba fayil ɗin a nan kowa ya ɗauka, a huta da biyan dala 20. Abin da mai shi ya baje a fili ai ba sata ba ne in an raba.

Mai Zane: Wa'alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari, amma dakata tukuna. Ka karanta lasisin da ke tare da kod ɗin? Ya yarda ka haɗa don amfanin kanka, ya yarda ka sayar da duk zanen da ka yi da ita. Abin da ya hana shi ne wannan da kake shirin yi, wato miƙa wa wani haɗaɗɗiya.

Ɗan Zazzau: To ina amfanin buɗewar? A ajiye maka tuwo a gaba a ce kar ka sam wa maƙwabci?

Yaya Babba: Ƙanena, ganin kod daban, izinin rabawa daban. Da can Aseprite tana ƙarƙashin GPL ne, lasisin da ke cewa ka ɗauka, ka gyara, ka raba, ka sayar ma in ka so, muddin ka bai wa na gaba kod ɗin da irin 'yancin da ka samu. A 2016 ne mai ita, David Capello, ɗan Ajantina, ya sauya zuwa lasisinsa na kansa. Sai dai abin da ya riga ya fita da GPL ba ya ƙwatuwa. Shi ya sa wasu suka ɗauki sigar ƙarshe ta kafin sauyin suka ci gaba da ita da sunan LibreSprite. Wannan kam ko a filashi ka raba ta, babu mai ce maka uffan.

'Yar Maraɗi: Yaya, ni fa ina ganin Ɗan Zazzau bai yi wauta ba. Jama'a sun yi shekaru suna gwada manhajar, suna kai rahoton kurakurai, suna tallata ta kyauta, rana ɗaya aka ja ƙofa. Haka Unity, mai manhajar gina wasannin bidiyo, ta yi a Satumbar 2023, ta ce za ta riƙa karɓar har senti 20 duk lokacin da aka ɗora wasa a na'ura, har da wasannin da suka riga suka fita. Sai da aka yi mata caa ta sassauta, a 2024 ta soke kuɗin gaba ɗaya. In mai lasisi zai iya juya magana yadda ya ga dama, don me mu kaɗai za a ɗaure da ita?

Mai Zane: Hajiya, ba ɗaya ba ne. Unity ta nemi taɓa abin da mutane suka riga suka gina. Capello bai taɓa tsohon ba, sabon aikinsa ya sa wa sharaɗi, kuma da shi yake ci. Wanda sharaɗin bai yi masa ba, ga Pixelorama nan, wata manhajar zanen piksel, da manhajar gina wasanni ta Godot aka gina ta, dukkansu suna ƙarƙashin lasisin MIT ne. A MIT ka kwafa ka raba ka sayar, kawai ka bar sanarwar haƙƙin mallaka a ciki.

'Yar Maraɗi: LibreSprite ɗin ai an bar ta a baya. Wanda ya saba da sabuwar Aseprite zai ji ta kamar ya koma keke.

Yaya Babba: Gaskiya ne. Amma da Ɗan Zazzau ya sauko da kod ɗin ya karɓi sharaɗin, kuma alƙawari kaya ne.

Admin: Malam Ɗan Zazzau, kar a saka fayil ɗin a nan, don Allah. Rubuto mana matakan da ka bi, kowa ya haɗa tasa.

Ɗan Zazzau: Na ji, Malam. Sai kowa ya tanadi data, don sai an sauko da kayan haɗawa, wato Visual Studio da CMake da Ninja da Skia, kafin a fara komai. Amma tambaya ɗaya, Yaya Babba: in na je har ɗakin mutum na haɗa masa a kwamfutarsa da hannuna, shi ya haɗa ko ni na raba?