Ƙahon zuƙa da famfon zuƙa: shawara kan sunayen kayan ɗaukar abu na mutum-mutumi

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu ƙera ƙananan mutum-mutumi a nan Legas. Duk wanda ya shiga kasuwar Alaba ko Computer Village ta Ikeja yana neman 'yar robar nan da ake sa wa hannun mutum-mutumi domin ya ɗauki abu, da Turanci zai tambaya, ya ce "suction cup", injin da ke janye mata iska kuma ya kira shi "vacuum pump". A gaban mai shago wannan ya wadatar, amma idan muka zauna koya wa ƙannenmu a Agege ko Idi-Araba, muna bukatar sunan da zai bayyana aikin da kansa.

Wasu sun kawo "kofin tsotsa", ni kuwa ban gamsu da shi ba. Kofi a kunnen Bahaushe na shan ruwa ne ko na gasar ƙwallo, sannan robar ba ta tsotsar komai. Idan aka janye iskar da ke cikinta, iskar waje ce take danne abin a jikinta. "Manni" kuma zai sa ɗalibi ya zaci akwai gam a wurin.

Shawarata ita ce mu kira ta ƙahon zuƙa, domin sunan yana nan a harshenmu tun kafin zuwan roba. Wanzami yana kafa ƙaho a fata, ya zuƙe iskar ta ɗan ramin da ke tsininsa, ya toshe ramin, ƙahon ya kama, in kuma ya tashi cirewa sai ya buɗe ramin iska ta koma. Haka na'urarmu take aiki sak: roba a madadin ƙaho, famfo a madadin bakin wanzami, bawul (abin da ke buɗe ko rufe hanyar iska) mai aiki da lantarki a madadin toshiyar, shi ya sa wanda ya haɗa famfo da roba ba tare da bawul ba yakan ga hannun ya ɗauki abu amma ya ƙi sakinsa da wuri. Wani malaminmu ya ce kalmar tana tuna masa jini da kuma maganar nan ta "an kafa masa ƙahon zuƙa". Gaskiyar malam ce, sai dai ita kanta maganar tana nufin an kama mutum an ƙi saki, wanda shi ne abin da muke so robar ta yi.

Sunan yana sauƙaƙa lissafi ma. Legas tana bakin teku, inda nauyin iska ya kai kilofaskal 101, wato kusan kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita. Ƙahon da faɗin bakinsa milimita 30 ne yana rufe murabba'in santimita 7, saboda haka idan famfo ya rage nauyin iskar da ke cikinsa da kilofaskal 60, a takarda zai riƙe kimanin kilo 4. A aikace ana raba wannan biyu idan daga sama aka kama abin, a raba shi huɗu idan ta gefe ne, saboda zamewa. Wanda ya kai na'urarsa Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, zai tarar riƙon ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin goma, domin iskar can ba ta kai ta nan nauyi ba.

Injin kuwa mu ce masa famfon zuƙa, don a bambanta shi da famfon iska na hura tayar keke. Ƙananan da muke saye masu bolt 12 galibi tantanin roba ne ke motsi a cikinsu, kuma akan rubuta musu adadi biyu da ya kamata kowanne ya sami sunansa. Na kilofaskal shi ne ƙarfin zuƙa, na lita a minti kuma saurin zuƙa. Gilashi da tayil ba sa yoyon iska, ƙarfi kawai suke bukata, amma kwali da katako marar fenti iska tana ratsa su, don haka famfo mai ƙarfi marar sauri zai iya yar da kwalin da bai kai rabin kilo ba.

Shi ma ƙahon iri biyu ne ake yawan samu: shafaffe, na abu mai shimfiɗaɗɗiyar fuska, da mai ninki, wanda yake lanƙwasawa ya bi jikin ƙwai ko leda ko abin da ya karkace.