Wai ina Tatiana Samoilova ta shige bayan duniya ta santa a 1958?

Ummi_Kabuga:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu bibiyar tsofaffin fina-finai ku taimaka min. Wasan kwaikwayo nake karanta a jami'a, malaminmu ya sa mu kalli wani fim ɗin Rasha baƙi da fari na 1957, Letyat Zhuravli, wanda Mikhail Kalatozov ya ba da umarni, kuma wlh tunda na gama shi fuskar yarinyar da ta fito a Veronika ta ƙi fita daga raina. Na ga sunanta Tatiana Samoilova. Abin da ya ɗaure min kai, mace mai irin wannan baiwa ai kamata ya yi a ce fina-finanta sun cika ko'ina, amma sai na ga 'yan kaɗan ne ake ambata. Me ya faru da ita ne? Kuma asali 'yar dandamali ce ko 'yar fim?

Injiniya_Gwale:
Wa alaikumus salam 'yata. Kin tuna min da zamanin karatunmu a can lokacin Tarayyar Soviet, fim ɗin nan duk shekara in watan Mayu ya kama, lokacin bikin tunawa da nasarar yaƙi, sai an saka shi a talabijin, tsofaffin mata su zauna suna share hawaye.

A gidan wasa ta tashi. An haife ta ranar 4 ga Mayu 1934 a Leningrad, garin da yanzu ake ce wa St. Petersburg. Mahaifinta Yevgeny Samoilov babban ɗan wasa ne a fim da dandamali. Da rawar bale ta fara tana ƙarama, daga baya ta shiga makarantar wasan kwaikwayo ta Shchukin a Mosko, wato horonta na dandamali ne, ta kuma ɗan taɓa aiki a gidan wasan Mayakovsky, amma fim ne ya ɗaga ta. Shekararta 23 lokacin da fim ɗin da kika kalla ya fito. A 1958 aka kai shi bikin fina-finai na Cannes a Faransa ya cinye babbar kyautar, Palme d'Or, kuma shi kaɗai ne fim ɗin Soviet da ya taɓa cin ta. Ita ma alƙalan sun ware ta sun yaba mata ta musamman.

To a nan gizo ke saƙar. Masu shirya fim na ƙasashen Yamma sun neme ta, hukuma ta ce a'a. Ki gane, a can lokacin babu wani furodusa mai zaman kansa da za ki je ku yi ciniki, kamfanin fim na gwamnati ne, gidan wasa na gwamnati ne, albashinki daga gwamnati, fasfo ɗin fita ma sai an ga dama a ba ki. Wanda ya ɗaga ki shi ke riƙe da ƙofar. Ta dawo gida da suna wanda ya fi ƙarfin ayyukan da ake ba ta.

MaiKyamara_ZooRoad:
Baba Injiniya Allah ya ƙara girma, ka faɗi gaskiya. Ni ta ɓangaren sana'armu zan shigo. Ƙanwata Ummi ki koma ki sake kallon wajen da ta sauko daga bas tana neman saurayinta Boris ranar da za su tafi fagen daga, kyamara na biye da ita tun daga cikin motar, ta kutsa cikin jama'a, ta ratsa tsakanin tankokin yaƙi, sannan kyamarar ta yi sama, duk ba a yanka ba. Mai ɗaukar hoton Sergei Urusevsky ne, kuma a hannu ya riƙe kyamara a wurare da yawa, a 1957 fa, babu duron babu komai. Amma abin da mutane ba sa lura da shi shi ne irin wannan ɗauka ba ta yiwuwa sai da 'yar wasan da ba ta fita daga halin da take ciki ko na daƙiƙa ɗaya, domin babu inda za a yanka a ɓoye kuskurenta. Gudu take, ana ture ta, numfashinta na sama sama, amma idonta bai daina neman mutum ɗaya ba.

Sannan ita ba mai yawan magana ba ce a fim ɗin. Wajen da ta hau benen gidansu bayan an yi ruwan bama-bamai, ta buɗe ƙofa ta tarar babu ɗakin babu iyayenta, sai agogo yana ta bugawa, ba ta yi kururuwa ta faɗi tana birgima ba. Tsayawa kawai ta yi. Mu nan da mu ne da an saka mata dogon jawabi da waƙa a kai, ni kaina na sha roƙon daraktoci su bar fuska ta yi aikinta su rage surutu, ana ce min 'yan kallo ba za su gane ba. Za su gane mana. Ga ki nan ke da ba kya jin Rashanci kin gane.

Ki nemi wanda suka sake yi su ukun, ita da Kalatozov da Urusevsky, ya fito 1960, labarin masu binciken ma'adinai huɗu da suka je neman lu'ulu'u a dajin Saberiya gobara ta rutsa da su. Wahalar da ta sha a ɗaukar wannan a fuskarta za ki gani.

Abba_Dorayi:
Ni fa na kalla kuma gaskiya ban ga abin tausayi ba. Saurayinki ya tafi yaƙi da ƙafarsa, ke kuma kin auri ɗan uwansa da ya maƙale a gida. Cin amana ce kawai ko a Rasha ko a Kurna.

Maman_Sadiq:
Haba Abba, anya ka kalla da kyau kuwa? Yarinyar da bam ya kashe mata uwa da uba a dare ɗaya, ba ta da inda za ta sa kanta sai gidan su Boris, shi kuma Mark, ɗan uwan Boris ɗin, ya yi amfani da daren da ake ruwan wuta ya far mata tana marinsa tana cewa a'a. Auren da ya biyo baya ba na so ba ne, na rasa yadda za a yi ne. Mu mata mun san irin wannan, nawa aka ɗaura a garin nan don a rufa asiri aka bar yarinya da ƙunci har tsufanta? Kuma shi Mark ɗin daga baya ai asirinsa ya tonu cewa cin hanci ya bayar aka cire shi daga zuwa yaƙi.

Irin maganarka ɗin nan ita wasu masu sharhi na can suka yi lokacin da fim ɗin ya fito, wai ba haka macen Soviet take ba, ita jaruma ce mai jira. Amma ƙasar da ta rasa mutum wajen miliyan 27 a yaƙin, matan da suka rage sun san ba kowa ce ta fita da tsabtar da ake nunawa a fosta ba, shi ya sa suka rungumi Veronika. Kuma da Stalin na raye ba na jin fim ɗin zai fito a haka, sai da ya mutu a 1953 aka ɗan sassauta. Abin da Samoilova ta yi shi ne ta sa ka kasa yanke wa yarinyar hukunci cikin sauƙi, kuma ina ganin hakan ma ya rage mata aiki, don fuskarta ba ta dace da fim ɗin da ake so a ga mace tana murmushi a gonar gwamnati ba.

Injiniya_Gwale:
Hajiya kin gama magana. Bari in ƙarasa wa 'yata sauran. Ba wai an rufe ta gaba ɗaya ba ne, ta yi fim a Hangari a 1961, ta kuma fito a wani na haɗin gwiwa da Italiya a 1964 wanda Giuseppe De Santis ya yi, amma duk inda hukuma ta amince ne. Babban aikinta na biyu shi ne Anna Karenina na 1967, daga littafin Tolstoy, Aleksandr Zarkhi ya ba da umarni. Wanda ya fito a masoyinta Vronsky kuwa Vasily Lanovoy ne, tsohon mijinta na gaske, sun yi aure suna ɗalibai suka rabu tun kafin 1960, sai ga su an haɗa su a gaban kyamara. An zaɓi fim ɗin zuwa Cannes a 1968, da ya zama komawarta wajen da aka fara ɗaga ta bayan shekara 10, sai zanga-zangar ɗalibai da ma'aikata ta ɓarke a Faransa a watan Mayu aka dakatar da bikin ba a raba kyauta ba. Wannan abin har yau yana min ciwo in na tuna.

Daga nan sai ƙananan fitowa jefi jefi, shekaru su wuce ba a gan ta ba, ga rashin lafiya. A farkon shekarun 1990 aka ba ta lambar girma ta gwanar wasa ta al'ummar Rasha, a lokacin da ita kanta masana'antar fim ɗin ta durƙushe bayan rushewar Soviet, tsofaffin 'yan wasa da yawa na fama da abin kai wa baka. Ta rasu a Mosko ranar 4 ga Mayu 2014, ranar da ta cika shekara 80 cif, aka binne ta a maƙabartar Novodevichy.

Ummi_Kabuga:
Na gode ƙwarai Baba, Allah ya saka da alheri, Anti Maman Sadiq ke ma na gode. Yaya mai kyamara na koma wajen bas ɗin kuma haka ne, ba a yanka ba. Zan rubuta aikina a kan yadda take wasa da shiru, in haɗa da Anna Karenina in na samu mai fassara a rubuce. Wanda ya san inda zan samu cikakkensa mai hoto garau dan Allah ya ajiye min a nan kafin Litinin.

MaiKyamara_ZooRoad:
Duba shafin Mosfilm a YouTube, kamfanin da ya yi su ne kuma suna saka tsofaffin fina-finansu kyauta. Anna Karenina kashi biyu ne, ki tanadi data.