Jeranta 'yan takara a takardar ƙuri'a: ya dace birninmu ya karɓi wannan tsari?

Mai Neman Sani

Assalamu alaikum. Ina zaune a wani birni na Amurka inda aka fara tattara sa hannun jama'a domin a yi ƙuri'ar raba gardama kan sauya yadda ake zaɓen magajin gari da kansiloli. A yanzu mutum ɗaya ake zaɓa, kuma duk wanda ya fi kowa yawan ƙuri'u shi ne ya ci, ko da bai kai rabi ba. Sabon tsarin da ake so shi ne mai zaɓe ya jeranta 'yan takara, ya nuna gwaninsa na farko, da na biyu, da na uku.

Ranar Asabar wata mata ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da takardar sa hannun, ta kuma nuna mini samfurin takardar ƙuri'ar: sunaye a jere daga sama zuwa ƙasa, kowane suna da ƙananan da'irori biyar a gabansa. Ta ce da wannan tsari ba wanda zai hau kujera sai da goyon bayan fiye da rabin masu zaɓe, kuma ba za a ƙara zargin ƙaramin ɗan takara da raba ƙuri'a ba. Na karɓi alƙalamin, amma na mayar mata ba tare da na sa hannu ba, domin ban gamsu cewa na fahimci abin da zan amince da shi ba. Ina roƙon masu sani su faɗa mini: shin waɗannan alkawura biyu gaskiya ne, kuma me biranen da suka gwada suka gani?

Malamar Lissafi

Wa alaikumus salam, Malam. Yadda ake ƙidayar shi ne tushen komai. Da farko ana duba zaɓin farko kaɗai. Idan wani ya haura rabi, magana ta ƙare. Idan babu, sai a cire wanda ya zo na ƙarshe, a ɗauki takardun waɗanda suka zaɓe shi, a miƙa kowace ga wanda mai ita ya sa a gaba, a ci gaba da haka har a sami wanda ya haura rabin ƙuri'un da suka rage. Kalmar "suka rage" ita ce inda maganar baƙuwarka take buƙatar gyara.

Dubi zaɓen fidda gwani na kujerar magajin gari na jam'iyyar Democrat a birnin New York a watan Yuni na 2021. 'Yan takara 13 ne a takarda, amma mutum biyar kawai aka yarda a jeranta. Eric Adams ya fara da kusan kashi 31 cikin ɗari, ya kuma ƙare da kashi 50.4 a kan Kathryn Garcia, tazarar da ba ta wuce ƙuri'u dubu bakwai da 'yan kai ba. Sai dai kafin a kai zagayen ƙarshe, kimanin takardu 140,000 sun mutu a hanya, domin masu su ba su rubuta Adams ko Garcia a ko'ina ba. Idan aka lissafa da duk waɗanda suka kaɗa ƙuri'a, abin da Adams ya samu bai wuce kashi 43 ba. Saboda haka rinjayen da ake magana na takardun da suka kai ƙarshe ne, ba na duk wanda ya fito zaɓe ba, kuma ina ganin masu tallar tsarin suna cutar da kansu idan suka ɓoye wannan.

Duk da haka ni mai goyon bayansa ce. A irin tsarin da birninku ke bi yanzu, da kashi 31 kaɗai za a iya gama magana, alhali a nan an ji ta bakin dubban ɗaruruwan mutanen da gwanayensu suka faɗi da wuri. Garcia ta uku ce a ƙidayar farko, amma da aka saurari zaɓi na biyu da na uku sai ta kusa cin zaɓen, kuma wannan labari ne game da ra'ayin mutanen birnin wanda tsohuwar takarda ba ta da wurin rubuta shi.

Dattijo Mai Lura

Malama ta yi adalci a kan alkawari na farko. Ni kuwa na biyun ne ya fi damuna, wato cewa matsalar raba ƙuri'a ta ƙare. Ba ta ƙare ba, ta dai sauya wurin zama, kuma birnin Burlington na jihar Vermont ya ga haka a zaɓen magajin gari na 2009.

Manyan 'yan takara uku ne: Kurt Wright na Republican, da Bob Kiss na jam'iyyar Progressive wanda ke kan kujera, da Andy Montroll na Democrat wanda ke tsakiyarsu a ra'ayi. A ƙidayar farko Wright ya samu kusan kashi 33, Kiss 29, Montroll 23. Da aka zo kan mutum uku sai aka cire Montroll, mafi yawan ƙuri'unsa suka koma wurin Kiss, Kiss ya ci. Amma da masana suka bi takardun ɗaya bayan ɗaya, sai suka tarar cewa da Montroll zai kara da Kiss su biyu, shi zai yi nasara, haka kuma da zai kara da Wright su biyu. Mutumin da jama'a suka fifita a kan kowane abokin hamayyarsa shi aka fara fitarwa a cikin ukun, saboda kawai ba shi da yawan masu sa shi a farko. Ku dubi halin magoya bayan Wright: da yawansu sun sa Montroll na biyu, amma ba a taɓa buɗe wannan zaɓi nasu ba, domin gwaninsu ya kai zagayen ƙarshe sannan ya faɗi. Sun faɗi gaskiyar zuciyarsu a takarda, sakamakonsu kuwa shi ne wanda suka fi ƙi. A 2010 mutanen birnin suka soke tsarin.

Akwai kuma batun amana, wanda a wurina ya fi lissafi nauyi. A tsohon tsari kowace rumfa tana iya fitar da adadinta, kowa ya haɗa da kansa. A wannan kuwa sai an tara dukkan takardun birni wuri ɗaya kafin a san wanda za a cire, kuma talaka ba ya iya bin diddigin abin da kwamfuta ta yi. A wancan zaɓe na New York da Malama ta ambata, hukumar zaɓe ta fitar da sakamakon wucin gadi da ya haɗa da kimanin takardun gwaji 135,000 bisa kuskure, sai da ta janye shi. An gyara, gaskiya ne, amma zuciyar da ta riga ta yi zargi ba ta saurin komawa daidai. Jihohi kamar Florida da Tennessee sun hana amfani da tsarin gaba ɗaya tun 2022, kuma ko da siyasa ta shiga cikin wannan hani, ba a kan banza ta samu masu saurare ba.

Ɗan Gari

Baba, ina girmama hujjarka, amma ina ganin akwai abin da ya kamata a ɗora a ɗaya gefen ma'auni. Dokar da Burlington ta koma bayan soke tsarin ita ce idan babu wanda ya kai kashi 40 sai an je zagaye na biyu tsakanin manyan biyu. Da ita aka yi aiki a 2009, Wright da Kiss ne za su kara, Montroll kuma zai zauna a gida kamar yadda ya zauna. Laifin da ka nuna gaskiya ne, sai dai tsohon tsarin ma yana ɗauke da shi, bambancin kawai shi ne babu takardun da za su tona shi. Mutanen birnin ma sun sake karɓar tsarin a 2021 domin zaɓen kansiloli, daga baya suka faɗaɗa shi zuwa na magajin gari.

Zagaye na biyu kuma ba kyauta ba ne. A 2013 New York ta kashe kusan dala miliyan 13 a kan zagaye na biyu na wata kujera guda, mutane ƙalilan ne suka fito, kuma wanda ke aikin awa-awa ba ya samun damar barin aiki sau biyu. Na kuma ga abin da tsarin ke yi wa halin 'yan takara. A 2025 Zohran Mamdani da Brad Lander, suna neman kujera ɗaya ta magajin garin New York, kowannensu ya roƙi magoya bayansa su sa ɗan'uwansa na biyu. Wanda yake buƙatar zama zaɓi na biyu ba ya zagin mutanen abokin hamayyarsa. Game da cewa zai rikita jama'a, ƙasar Ostireliya tana zaɓen majalisar wakilanta da jeranta 'yan takara tun 1918, San Francisco kuma tun 2004.

Mai Neman Sani

Na gode muku duka, Allah ya ƙara sani. Yanzu na gane cewa kafin in sa hannu sai na karanta daftarin da kaina, na ga mutum nawa za a yarda a jeranta da kuma ko za a wallafa bayanan takardun domin kowa ya iya sake ƙidaya. Saura tambaya ɗaya, wadda surukata ta yi mini jiya da na nuna mata samfurin, ita da idonta ya fara rauni kuma layukan da'irorin suka yi mata yawa. Ta ce idan ta rubuta mutum na biyu, ba ta rage wa gwaninta ƙarfi ba kuwa? Ta fi son ta cike da'ira ɗaya ta tashi.

Malamar Lissafi

Ka gaya wa Mama cewa ba ta rage masa komai ba. Ba a duba zaɓinta na biyu sai bayan an riga an cire na farko, don haka babu yadda na biyun zai kayar da shi. Idan ta cike da'ira ɗaya kawai, ƙuri'arta tana nan daram muddin gwaninta yana cikin takara, amma da zarar an cire shi ta shiga cikin irin waɗancan 140,000. Abin da ba zan iya yi mata alkawarinsa ba shi ne akasin haka, domin kamar yadda Baba ya nuna, sa gwaninka a farko yana iya jawo faɗuwar wanda ka sa na biyu idan manyan 'yan takara uku suka yi kusa da juna.

Batun idonta kuwa ka kai shi gaban masu daftarin, domin ba ƙaramin abu ba ne. San Francisco ta shafe shekaru tana ba da gurbi uku kacal, sai a 2019 ta ƙara zuwa goma. Yawan gurabe yana rage takardun da ke mutuwa a hanya, amma yana cika takarda da da'irori, kuma mai raunin gani yana iya cike biyu a gurbi ɗaya ya ɓata ƙuri'arsa. Ka tambaye su girman rubutun da za a buga, da harsunan da za a yi bayani da su, da kuma nawa aka ware domin koya wa jama'a kafin ranar zaɓe.