Bututun numfashi ya goce a aikin dare, ku ba ni shawara

Sabuwar nas: Assalamu alaikum. Daren jiya hankalina ya tashi. Mun juya mara lafiya da ke kan injin numfashi don gyara shimfiɗa, can sai oksijin ɗinsa ya fara sauka. Ashe bututun ne ya nutse, huhun hagu ba ya samun iska. Alhamdulillahi an ja shi baya ya daidaita. Don Allah me kuke yi kafin a kai ga haka?

Sista babba: Wa alaikumus salam, sannu ƙanwata. Kin duba lambar jikin bututun da ke daidai haƙoransa kafin ku juya shi? Ni da ita nake fara karɓar aiki. Yawanci santimita 21 ce ga mace, 23 ga namiji, amma wadda aka rubuta ranar sakawa ita za ki bi. Sannan mutum ɗaya ya tsaya a wajen kai, hannunsa kan bututu, shi zai ce a juya. Ko zanen gado kada ya taɓa.

Likitan sa barci: Haka ne, Sista. Ku lura da wuya kuma. In haɓa ta sunkuyo ƙirji bututun yakan nutse, in kai ya koma baya sai ya zamo waje. Reshen hanyar iska da ke zuwa huhun dama ya fi miƙewa, shi ya sa can yake faɗawa. Na'urar auna oksijin da ake sa wa a yatsa takan makara wajen nuna matsala. In layin kafnogiraf, wato na'urar da ke auna iskar carbon dioxide da mara lafiya ke fitarwa, ya kwanta, ku ɗauka bututun ya fita daga maƙogwaro har sai an tabbatar. Amma nutsewa irin ta jiya ba lallai ya nuna ta ba, sai an saurari ƙirji.

Nas daga asibitin garinmu: Ranka ya daɗe, mu ba mu da kafnogiraf. Muna saurara a hammata biyu da kan ciki, mu kalli tashin ƙirjin. In na ji gurnani ko iska na fita ta baki, nan take nake duba balan-balan ɗin da ke ƙarshen bututun, mai hana iska tsiyaya, matsinsa 20 zuwa 30 (cmH2O) ake so. Filastar riƙe bututu kuwa yawu ke jiƙa ta, musamman ga mai gemu. Igiyar ɗauri ta fi riƙewa, a bar sararin yatsa kada ta ci wuya.

Likitan sa barci: Madalla. In kun yi shakka ku cire inji, ku koma jakar ambu, wadda ake matsawa da hannu don ba shi iska, da oksijin, ku kira mu ko ƙarfe nawa ne.

Sabuwar nas: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gaskiya Anti, jiya ban duba lambar ba. Yau zan rubuta ta a takarda in manna a saman gadonsa.