Musayar waƙa: lissafin Mulkin Sama da na kasuwa

Malam Ishaya:
Salama a gare ku, 'yan'uwa. Karatunmu na wannan mako daga Matta sura 20 ne, ga baitocina a kansa.

Mai garkar inabi ya fita da asuba yana neman ma'aikata,
Suka shirya a kan dinari guda, ladan yini, kamar yadda al'ada ta tabbata.
Da la'asar sakaliya ya ƙaro waɗanda suka yini a kasuwa cikin buƙata,
Da aka zo biya ya fara da na baya, ladan kowa kuma ya daidaita.
Mama Rifkatu, ke ce 'yar kasuwa, ki faɗa mana ko lissafin nan ya cancanta.

Mama Rifkatu:
Malam, a kasuwar Dawanau wanda ya sauke buhu 100 ba a haɗa shi da mai buhu tara,
Wanda ya sha zafin rana tun safe yana da hujja idan ya kai ƙara.
Sai dai na lura haƙƙin na farko bai ragu ba, ladan na baya ne aka ƙara,
Abin da ya ɓata musu rai alherin mai garka ne, ba wata asara.

Baba Yohanna:
Mama, kin gano bakin zaren, mudun Mulkin Sama dabam yake wajen aunawa.
Gwauruwa ta jefa anini biyu a baitulmali, Yesu ya ce ta fi attajirai bayarwa.
Ubangiji ya yi ɗamara da tawul ya wanke ƙafafun almajirai, aikin da ake bar wa bawa,
Bitrus ya ƙi da farko, domin a ganinsa babba ba ya durƙusawa.
Ba a tsaya ga kuɗi da girma ba, ita kanta halitta ta ga sauyawa:
Saratu tana da shekara 90 ta rungumi Ishaku, bayan an fid da rai da haihuwa,
Li'azaru ya kwana 4 a kabari, har Marta ta ji tsoron warin gawa,
Aka kira sunansa a Betanya, ya fito da likkafani yana takawa.

Malam Ishaya:
Baba, ka tuna mini da ƙwayar alkama, wadda sai ta mutu a ƙasa take ba da 'ya'ya.
A 1893 samari 3 'yan mishan suka sauka a Ikko, wato Legas, da niyyar kai bishara can cikin ƙasa, nesa da bakin maliya,
Kafin 1894 ta ƙare biyu daga cikinsu, Gowans da Kent, sun rasu, Bingham kaɗai ya koma gida bayan jinya.
Mai lissafin riba zai ce an yi asarar rai da dukiya,
Amma daga wannan aiki na ƙungiyar mishan ta SIM ne ɗarikar ECWA ta fito a 1954, ga ta yau ikilisiya bayan ikilisiya.

Mama Rifkatu:
Malam, tarihi na ji, amma akwai tambayar da ban samu amsarta ba.
Wasiƙar Yakubu ta tsawata a kan kai mai zoben zinariya kujerar gaba,
A ce wa matalauci ya tsaya can, ko ya zauna a ƙasa, ba maraba.
To, me ya sa ran godiyar kaka mai buhu 20 ne ake kira da suna a yaba,
Tsohuwar da ta kawo tiya guda ta dawa kuwa ko kallonta ba a yi ba?

Baba Yohanna:
Mama, wannan ta wuce waƙa, magana ce ta majalisar dattawa.
Za mu zauna ran Asabar kan shirin godiyar bana, zan nemi a daina shelar abin da kowa ke kawowa.
Ki zo tare da shugabar zumuntar mata, domin ma'aji zai ce kiran suna ne ke sa baiko ƙaruwa,
Ke kuwa kin fi ni iya lissafi idan aka zo ga tattaunawa.