Daro da Tawul

Ɗan Garkida:
Jiya Alhamis, a makon Ista, muka yi wankin ƙafa a majami'armu ta EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Ga abin da ya zo mini daga Yohanna 13. Mai amsa ya amsa.

Daren da za a bashe shi, Yesu ya tashi,
Ya tuɓe mayafi, ya ɗaura tawul a ƙugunshi,
Ya zuba ruwa a daro, ya durƙusa da kanshi,
Har ƙafar Yahuza, mai shirin sayar da shi.

Jiya dattijo mai furfura ya kama tawa,
Ga faso, ga kaushi, ga ƙurar kasuwa,
Na so in janye, na kasa duban kowa,
Ashe shi ya sa Bitrus ya fara ƙin miƙawa.

Uwar Zumunta:
Ɗana, wankin rana guda ba shi da wuya,
Zo Asabar ka ga mai riƙe da tsintsiya,
Gwauruwa ce, tana shara tana dafe baya,
Ba a kira sunanta a sanarwa ko sau ɗaya.

Amma ranar gidauniya, ga masu babbar riga,
Ana ja-in-ja kan wa zai fara shiga.

Malamin Wusasa:
Mama, wannan ciwo ai ba na yau ba ne,
'Ya'yan Zabadi ma, almajiran Yesu biyu, masu son kujera ne,
Zama dama da hagunsa suka roƙa, a Markus 10 yake zaune,
Sauran almajirai goma suka ji haushi, ko su ma nasu kwaɗayin ne?
Yesu ya ce mai son girma, baran 'yan'uwansa ne.

(Kada ki yi fushi, Mama, amma Matta ya ce uwarsu ce ta kai roƙon.)

Uwar Zumunta:
Malam, uwa ta roƙa, amma wa ya tura ta?
Ƙattai biyu ne suka laɓe a bayanta!
Kuma ranar gicciye ana ganin fuskarta,
Da maza suka watse, ita tana nan da 'yan'uwanta mata.

Ɗan Garkida:
Mama ta kayar da Malam, ni dai na shaida.
A 1923, gindin tsamiya aka yi sujada a Garkida,
'Yan mishan Kulp da Helser, ba rufi, ba shimfiɗa,
Daga baya aka buɗe wa kutare asibiti da gida,
Hannu ya wanke gyambon da dangi suka guda.

Malamin Wusasa:
Na sauka, Mama, na ajiye allo da alli,
Baki ya iya wa'azi, hannu kuwa sai kwalli.

Uwar Zumunta:
To, waƙa ta yi daɗi, Allah ya yi muku albarka,
Malam, kai da ɗana, kowa ya naɗe hannun rigarka,
Asabar ƙarfe bakwai, tsintsiya na jiranka,
Bokiti yana bayan ɗakin fasto, ka zo da omonka.