Ranar da aka ba majinyaci keken guragu ta ƙi fitowa a bayanan Medicare

Assalamu alaikum. Muna sayar da kayan jinya a Amurka. Wani dattijo na buƙatar sabon keken guragu mai batir, Medicare kuwa, inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, galibi sai tsohon ya shekara 5 take biyan wani. Na shigar da lambarsa ta Medicare (MBI) da ranar haihuwa, shafin kayan da aka taɓa biya ya fito wayam. Ga tsohon keken nan a falonsa, injin ya mutu. Yana tsarin Medicare Advantage, wanda kamfanonin inshora masu zaman kansu ke gudanarwa, ya karɓi keken, shagon da ya kawo kuma ya rufe. Ya sa hannu a fom CMS-10106, amma fom ɗin layin wayar Medicare (1-800-MEDICARE) kaɗai yake ba izinin fitar da bayanansa. Don Allah, wace takardar izini zan tura wa tsohon kamfanin inshorarsa su ba ni ranar da aka ba shi keken?